Kwana Biyun Da Na Roƙa

Zuwa ga Malcolm, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, baƙon da ya shigo da sanda da kumburarriyar ƙafa, ya fita da zuciyata gaba ɗaya.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata, ina tsakiyar gona. Lemu ya yi fure, duk tudun nan ya yi fari fat har gangaren teku, ƙamshi ya cika gari. Na zauna a kan dutsen da kake ɗora ƙafarka na karanta, na sake karantawa, sai da hawaye ya hana ni ganin rubutun. Wai kada in jira ka. Wai shekararka sittin da shida, gwiwa ta soma gardama, shekara guda ba wasa ba ce ga tsoho, in manta da kai kamar yadda ake manta masu wucewa. Haba, Malcolm! Da wane hannu ka rubuta wannan? Wanda ya riƙe mini tsani wata biyu?

Ka tuna ranar da ka zo? Masu tattakin ibada zuwa haikalai tamanin da takwas na yankin nan kullum suna bin hanyar gonata, da farar riga da malfa, kuma duk wanda ya wuce sai na miƙa masa lemu biyu, kamar yadda uwata take yi, a yi godiya a wuce. Kai kuwa da ka zo cikinsu ka karɓa, ka sunkuya za ka gode, ƙafa ta ci amanarka, ka zube cikin kwandona. Yaya Noboru ya dube ka ya ce, "Tokiko, wannan dogon ba ya kai haikali na gaba. Ki shimfiɗa masa tabarma biyu, ɗaya ba ta isar sa." Muka ce kwana uku. Ƙafa ta warke, ka ce sai ka ga ƙarshen tsinkar lemu. Ni ko na duƙufa kan kwandona, don kar fuskata ta tona ni.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mijina, ina dafa shinkafar mutum ɗaya, na ɗauka ni da dariya mun yi sallama. Sai ga ka, kana buga kai a ƙofa kowace safiya kana ba ƙofar haƙuri, kana zuba madara a koren shayi har Goggo Setsu maƙwabciya ta dafe ƙirji. Kai ne ruwan da ya sauka bayan manomi ya fid da rai. Kai ne ɗumin bargo ranar sanyi. To yaya za a yi in manta?

Ka ce laifinka ne. A'a. Bari in rubuta maka gaskiya, tunda bakina ya kasa a tasha ranar tafiyarka. Ranar ɗaya ga Oktoba ka sauka ƙasar nan, suka ba ka kwana casa'in. Ni ce na tsaya gaban kalandar kicin na ce casa'in ai wata uku ke nan, sai ɗaya ga Janairu. Ni ce na sa ka ɗage tikitinka na talatin ga Disamba, don ka ga fitowar ranar farko ta sabuwar shekara daga kan tuduna. Kwana biyu kacal na roƙa. Sau biyu kana cewa in miƙo maka fasfonka ka duba, ina cewa yana nan lafiya, me ake ci na gaggawa. Na ajiye shi a durowar da nake ajiye takardun gona, ba don tsaro ba, don ba na son ganin abin da zai raba ni da kai. Ban yi tunanin Oktoba da Disamba kowanne na da kwana talatin da ɗaya ba. Mace mai sanin ranar da kowace bishiya za ta nuna, ta kasa ƙirga kwana!

Sai ranar ƙarshe ta shekara, muna dakan shinkafar biki a tsakar gida, kana ɗaga taɓarya ina juya ƙullu, ka shiga haɗa kaya, ka fito da fasfo a buɗe. Fuskarka kawai na gani na saki ludayi. Talatin ga Disamba, ga shi nan ɓaro-ɓaro a takardar da suka manna. Jiya ke nan. Ofisoshi kuwa duk an rufe sai huɗu ga wata. Haka muka hau tudu da asuba muka kalli ranar da na nace sai ka gani, ba wanda ya iya duban ɗan'uwansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar jami'in nan na shige da fice. Cikin ladabi ya ce, "Baba, da kun zo kafin wa'adi ya cika, ai 'yan ƙasarku suna iya neman ƙarin wata uku." Wata uku, Malcolm, ni kuwa ina ɓoyon fasfo saboda kwana biyu. Ya ce tunda ka kawo kanka, za ka tafi da ƙafarka, amma shekara guda ba ka sake shigowa. Ka sunkuya ka gode masa. Ni ban iya ba.

Tun tafiyarka gidan nan ya yi mini girma. Ina ɗora tukunya in tarar na auna na mutum biyu. Duk farar rigar da ta ɓullo a kwanar hanya sai gabana ya faɗi, in ta matso in ga gajere ne. 'Yarka Bronwen ta rubuto mini cewa ka daina fita yawo, kana zaune gaban taga kamar kayan da aka manta. Shi ne za ka ce mini kana lafiya? Idan fushi kake yi da ni, ka yi, na cancanta. Amma kada ka lulluɓe fushi da tausayi ka ce don ni kake sakina.

Yanzu saurara. Shekarata hamsin da takwas, ban taɓa hawa jirgin sama ba. Makon jiya na karɓo fasfo, da hoton da na fito kamar wadda aka kama da sata. Na tambaya da kyau, na sa an rubuta mini, ƙasarku tana barin baƙo irina ya zauna har wata shida. Zan taso a ƙarshen Yuli, in wa'adinka ya cika a Janairu mu dawo tare. Yaya Noboru ya yi faɗa har ya gaji, ya ce, "Wa zai tsinke lemun? Ni da wannan bayan nawa?" Na ce abin da ya iya ya tsinka, saura tsuntsaye su ci. Shekara talatin ban taɓa barin kaka ta wuce ni ba, bana na bar ta.

Ba izini nake nema ba, masoyina. Idan da gaske ba ka so na, ka zo filin jirgi ka dube ni ka faɗa, zan juya ba tare da na ɗaga murya ba. Amma a takarda kam, ban karɓa ba.

Taka, a tudun nan ko a ƙasar da ban sani ba, har ranar da numfashi zai ƙare,

Tokiko