Kwana Shida a Abuja da Baba

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 2024
Gobe za ni Abuja, asibitin da na nemi aikin nas sun kira ni intabiyu. Na so in tafi ni kaɗai, Baba ya ce sam, ƙafarsa ƙafata. Mutumin da tun tasowata hirarmu ba ta wuce gaisuwa. Me za mu ce wa juna a mota? Ga shi da ciwon gwiwa. Ya rufe shagon ɗinkinsa har da kwaɗo biyu.

Litinin, 4 ga Nuwamba
Mun iso. Masauki mafi araha da muka tambaya a cikin gari, da aka faɗi kuɗin kwana ɗaya sai Baba ya ce, "Ɗan nan, ba sayen ɗakin za mu yi ba." Na ji kamar in nutse. Ashe yana da lambar Anti Felicia, tsohuwar maƙwabciyarmu a Fadikpe da ta dawo Mararaba tana sayar da abinci. Da ta gan mu ta yi ihu ta rungume ni. Ni a ɗakinta, Baba a na mijinta. Allah ya saka mata.

Talata, 5 ga Nuwamba
Mota uku kafin Maitama, inda asibitin yake. Muna isa aka ce an ɗaga zuwa Alhamis. Guzurin kwana biyu muka yi. Na ce mu koma Minna kawai. Baba ya ce, "Muni, ba mu zo don mu koma haka ba."

Laraba, 6 ga Nuwamba
Tunda muna nan, Baba ya ce sai na ga gari. Da ƙafa. Muka yi azahar a babban masallaci, kyauta. Muka zauna a wani lambu, kyauta. Ya nuna mini wata unguwa ya ce nan ya yi leburan gini shekara biyu kafin a haife ni, a kango yake kwana, da kuɗin ya sayi keken ɗinkinsa. Ban taɓa sani ba. Ban taɓa tambaya ba.

Na fito da ƙuli-ƙuli da biredi, ya ce azumi yake. Jiya ma haka ya ce. Talata da Laraba? Na dube shi, ya kau da kai yana kallon motoci. Na dai ci biredin, don yana satar kallona.

Na gaya wa Anti. Da magariba ta dire masa tuwo ta ce, "Baba Muni, gidana ba a azumin kunya. Wandon yarana nawa ka ɗinka kyauta?" Ya yi dariya har da tari. Ya cinye tas.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Mai gadi ya ce masu intabiyu kaɗai za su shiga. Baba ya zauna a gindin bishiya da ledar takalminsa. A layi wata mai turare ta ce, "Wancan tsohon tare kuke?" Kafin in amsa na ji kaina ina jinkiri. Astagfirullah. Na ce mahaifina ne, daga Minna ya rako ni. Ta ce nata ya rasu bara.

Awa huɗu. Na fito na same shi a inda na bar shi, inuwar ta gusa ta bar shi a rana. Wai kada in fito in rasa shi.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Ba labari. Gwiwarsa ta kumbura. Na gasa masa da ruwan ɗumi, ya ce ashe da gaske na iya aikin.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Gida. Alhamdu lillahi. Anti ta cika mana kula da shinkafa, ta ƙi karɓar ko godiya.

Litinin, 18 ga Nuwamba
Saƙo ya shigo: in fara aiki ɗaya ga wata. Mama na tsakar gida, taku biyar tsakaninmu, amma ban san yadda aka yi ba sai ga ni a kan acaɓa zuwa shagon Baba a Sabon Gari. Baba ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge, ya ce ƙurar yadi ce. Ya ce in miƙe ya auna ni, shi zai ɗinka fararen kayan aikin.

Na zauna a shagon har la'asar ina saka masa zare a allura. Ba wani abu ba ne, idonsa ne ya rage gani. Gobe ma zan leƙa.