Hannun Idirisu

Yalwawa, Dutse
Maris, 2002

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Iya da yara.

Yaya, hankalina a tashe yake. Kin tuna ɗan abin nan mai kamar akwatin ashana da na nuna muku da Sallah, mai sauya lambobi? Makulli ne. Da shi nake shiga kwamfutocin kamfaninmu na riɗi da ke Kano daga nan Dutse, ta ɓoyayyar hanya a layin tarho, VPN ake ce mata. To, ya ɓace.

Manaja ya toshe hanyar, ya tambaye ni wa ya taɓa jakata. Na ce Idirisu direba, tunda shi ya ɗauko ni daga gida Aujara bayan Sallah. Wallahi ban san kotun shari'a za a kai shi ba. Yana tsare, Alhamis za a zauna, har an fara maganar yanke hannu. Matarsa ta durƙusa a ƙofata, na kasa kallonta.

Don Allah ki duba ɗakin da na kwana.

Ƙaninki,
Abdulrauf

Aujara

Abdulrauf,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na birkice ɗakin har bayan buhunan gero. Iya ta ce me ake nema haka? Da na faɗa mata, sai ta saki muciya ta zauna.

Kai ka ce mata aikinka kaf a kan abin nan yake, in ya ɓata ka shiga uku. Kana masallaci ta zaro shi daga jakarka, ta kai wa Maharazu baduku ya ɗinke shi tare da laya. Kambun da ta ɗaura maka a dantse ranar tafiya, ta ce kada ka kuskura ka buɗe, shi ne.

Bakinka ya yi saurin kiran sunan bawan Allah, kuma na ji haushinka. Iya ta ce ka farke kambun, ta janye maganarta. Tun jiya ko kunu ba ta sha ba.

Allah Ya sa wannan ta riske ka a kan lokaci.

Yayarka,
Zuwaira

Dutse

Yaya,

Salamu alaikum. Wasiƙarki ta iso da safiyar Alhamis. A gaban alƙali na sa reza na farke kambun, lambobin na nan suna sauyawa. An sallami Idirisu, ki ce wa Iya ta ci abinci.

A bakin kotu na miƙa wa Idirisu hannu. Ya zuba nasa biyun a aljihu ya wuce.

Ku huta lafiya.
Abdulrauf