Ƙwayoyin da Na Ba Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da yara da aiki.

Ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Jikin Baba ya ƙi. Loma uku zai yi ya ture kwano, ya dafe ƙirji, sai gyatsa da kumburin ciki. Wandunansa duk sun yi masa yawa.

Kin tuna binciken da asibiti ke yi kan rashin narkewar abinci, wanda aka sa ni a ciki saboda nawa ciwon? Na kai shi, suka ce shekarunsa sun wuce, kuma mai rama irin tasa sai an zura masa kyamara ta maƙogwaro an duba. Yana jin haka ya miƙe ya yi waje. Kin dai san halinsa.

To ni nawa ina iya jurewa. Mako bakwai ke nan shi nake ba ƙwayoyina, safe da yamma. Takardar da ake cikewa bayan cin abinci ma shi nake tambaya in rubuta. Kullum sai ya ce ya ji dama, amma ai ina ganin yadda wuyansa ke sirancewa. Ke da kike aikin kemis, in mayar masa sau uku a rana? Don Allah kada ki yi mini faɗa, na rasa inda zan sa kaina.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Ina amsa gaisuwa.

Ashe ba ki karanta abin da kika sa wa hannu ba? A irin wannan bincike rabin mutane ake ba magani, sauran a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, don a gwada. Likitan kansa bai san wadda ke kwalbarki ba, amsar tana rufe a ambulan.

Gobe ki je ki faɗa musu gaskiya. In za su cire ki, su cire. Ki roƙa a buɗe ambulan ɗin, sannan ki kai Baba a duba shi ko zai daina yi miki magana. Ni ma da laifina, wata huɗu ban leƙo ku ba. Ina tafe ranar Asabar.

Allah ya ba shi lafiya.
Yayarki

Yaya,

Barka da aiki. Na je. Likitar ba ta ko ɗaga murya ba, da ma zagina ta yi.

An duba Baba jiya. Sun ga wani abu a bakin cikinsa, sun yanki kaɗan za su auna. Ta tambaye ni yaushe ya fara ramewa, na faɗa, ta rubuta.

An buɗe ambulan. Sitaci ne, Yaya, ba magani a ciki. Mako bakwai ina ba shi sitaci yana sa mini albarka.

Ban iya gaya masa ba. Da safen nan ma ya miƙo hannu, na ba shi.

Kada ki jira Asabar.

Auta