Ke, Nutsu!

Litinin. Aikin farko: ganin shugaban makarantar Auta.

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yaran shago. Na je na dawo, kaina kamar zai tsage.

An koro Auta gida. Malamar lissafi tana cikin rubutu a allo, sai Auta ta ɗaga murya ta ce, "Ke, nutsu!" Aji ya fashe da dariya. Malama ta juyo, yarinya ta sake faɗa mata ido cikin ido.

Kin san lalurarta tun tana firamare: ƙifta ido, fizgar kafaɗa, gyaran murya ba dalili. Yanzu da ta kai sha biyar, har kalmomi suke kuɓuce mata. Na nuna wa shugaba takardar likita mai cewa ciwon Turet ne, ba da gangan take yi ba. Ya ce shi bai taɓa jin ciwon da ke zaɓar malamar lissafi ba. Ya ce in sa hannu cewa ba za ta ƙara ba, in na ƙi, ba za ta zauna jarrabawar mako mai zuwa ba, sai ta maimaita aji.

Ta yaya mutum zai sa hannu a kan atishawar wani? Ko dai ban tsawata mata yadda ya kamata ba ne? Ko tsawar ce ta yi yawa? Gobe zan sa ta a mota ta zo wurinki. Ki koya mata kame baki, ni na gaza.

Ki gaida maigidan.
Ƙaninki.

*

Sarkin Tsari,

Muna lafiya, 'yarka ta iso. Ko jaka ba ta ajiye ba ta ce wa wata da nake aunawa, "Ke, nutsu!" Na waiga ina neman ka a bakin ƙofa. Wallahi muryarka ce, har da ɗan jan hancin nan naka. Na ce mata, "'Yar nan, ina kika samo wannan?" Ta ce, "Goggo, kullum shi nake karyawa da shi."

To ka ji. Abin da kunne ya sha, shi baki ke amayarwa. Ka gode wa Allah kai ba mai ashar ba ne.

Ni tela ce, ba na ɗinke baki. Na dai ba ta almakashi da yadi. In tana yanka, kafaɗar nan lafiya lau. In ta taso mata, ta yi abinta, ƙarar keke ta haɗiye, ba mai ɗaga kai. Kada ka kuskura ka sa hannu a takardar nan.

Yayarka.

*

Alhamis.

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta hana ni cin abinci. Na gwada in yi yini guda ban faɗi kalmar ba. Kafin azahar na faɗa wa yaron maƙwabta, na faɗa wa kyanwa, kuma Auta ma ba ta gidan.

Na koma wurin shugaba. Ya bar ni a tsaye har ya gama waya. Na ce ba zan sa hannu ba. Ya ce to iyakar abin da zai yi, ta rubuta ita kaɗai a ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ɗakin ƙura da yanar gizo! 'Yata za a ware kamar mai ƙyanda? Na ce ban yarda ba, na fito. Tun a hanya nake tambayar kaina ko na yi daidai.

Ƙaninki.

*

Baba,

Ina wuni. Goggo ta karanta mini. Don Allah ka koma ka ce ka yarda.

A cikin aji, rabin hankalina yana kan danne abin, rabi ne kawai ke kan tambaya. Kamar a ce ka riƙe tari ka yi lissafi. A ɗakin kujeru ba wanda zan riƙe wa. Ni za a ware, ba kai ba, kuma ni ina so. Malama kuwa, ni zan yi mata bayani da bakina, in bakin ya bar ni.

Kuma ka daina cewa Goggo ta gyara ni. Ba zif ba ce ni.

Autarka.

*

Lahadi.

Yaya,

Gaisuwa. Auta ta dawo lafiya. Na koma na ce na yarda. Shugaba ya ce, "Ashe kai ma kana canza magana." Ya ba ni makulli, ya ce masinja yana hutu, shara tawa ce. Na share, amma ban gama ba. Saura na gobe kafin a buga ƙararrawa:

Fitar da sauran kujeru.
Sa takarda a ƙarƙashin ƙafar teburin, yana rawa.
Neman wanda zai buɗe tagar, ta cije.
Fensir biyu.
In kafaɗarta ta motsa wajen karin kumallo, in sha shayina.

Ƙaninki.