"Da Sauƙi" ta Kawu Sale

Assalamu alaikum Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da Baba da yaran gida. Yaya ƙafar taki?

Inna, bakin nan nawa da kike yi wa faɗa ya ja wa ƙanenki. Tun da igiyar jirgin ruwa ta karya wa Kawu Sale ƙugu, yana kwance wurina a garin Hyattsville, nan ƙasar Turawa, ana shari'a da kamfanin jirgin kan kuɗin magani. Da lauyansu ya zo, ni na yi tafinta. Ya tambayi jiki, Kawu ya ce, "Da sauƙi," yadda majinyaci ke faɗa ko yana bakin kabari. Na juya da Turanci yadda take, har na ƙara da cewa gobe ma zai iya dambe. Lauyan ya yi dariya, ya rubuta.

Yanzu sun ce ya warke, ba za su biya ba. Kawu bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Habu, zo ka ɗaga ɗan damben naka ya yi alwala."

Ki sa mu a addu'a, za a koma gaban alƙali bayan salla. Ki gaida matar Kawu, amma kada ki gaya mata tukuna.

Ɗanki,
Habu