Tayar Gaba

Daren Laraba, unguwar Kudai, Makka

Yau Usama ya ɓoye tayar gaban kekena. Ɗana na fari, mai digiri biyu, iyakar dabararsa ke nan don kada in tafi duwatsun Asir na kudancin Saudiyya jibi.

Na zaci ciwon sukarina ne ya dame shi, har zuciyata ta fara laushi. Ashe ba haka ba ne.

"Aib, ya Baba, abin kunya ne," in ji shi. "Dattijo da tanti a bayan keke! Wallahi cewa za a yi ba ka da iƙama, takardar zaman ƙasa, dako kake yi."

Na ce, "Kakanka da ƙafa ya tako daga Kano, ta Cadi da Sudan, yana kwana a gindin bishiya. Ba a ce aib ba, Alhaji aka ce."

"Wannan ai ibada ce."

"Dutsen fa, wa ya halicce shi?"

Sai ya koma danna waya.

Gwiwata na ciwo tun da na gwada hawan dutsen Hada, amma ba mai ji daga bakina. So nake in farka cikin hazo, in dafa shayi birai suna hararata.

Tayar tana bayan firji, uwarsa ce ta nuna min da haɓa. Na ɗaura, na ba ta iska. Gobe, tun kafin ranar tafiyar, ta ƙofar ofishin su Usama zan bi, da tantin a baya.