Gidan da Ba a Amsa Sallama

Zuwa ga Maman Yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Ya jikin Auta, tarin ya sake shi? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Darakta ya karɓe wayata tun ranar da muka iso wurin ɗaukar fim, direban da ke kawo mana abinci ne ɗan aikena. Fim ɗin daga wani littafi aka ciro shi. Wani magidanci ne iyalinsa suka haɗa baki suka daina kula shi, ba gaisuwa ba amsawa, har ya fara zargin ko mutuwa ya yi bai sani ba. Ni ne magidancin, ni da na tsufa ina ba mutane dariya.

Don abin ya shiga jikina, darakta ya hana kowa yi min magana, ko ana ɗauka ko ba a yi. Na ce a raina, wanda ya sha fushinki ai ya gama wannan makarantar. Ban manta ba, da zan taho na yi miki sallama kina wanke-wanke, ko ɗagowa ba ki yi ba, don na bar ki da yaro ba lafiya. Ki rubuto, ko faɗa ne.

Naki,
Akunki mai surutu

Maman Yara,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Allah ya sa Auta ya warware.

Abin ya wuce wasa. Mai kwalliya tana shafa min hoda tana kallon bango. Ana ajiye min abinci kamar an manta shi ne a kan tebur. Na ba masu fitila labarin surukina da agwagwa, wanda kullum sai kin riƙe ciki, ko kafaɗar mutum ɗaya ba ta motsa ba. Jiya da gangan na saki kofi, don in ga ko zai fashe. Ya fashe. Aka zo aka share, tsintsiya tana kewaya ƙafata.

Darakta na murna, ni kuwa tsoro nake ji. Direba ya dawo hannu rabbana. Ko ke ma darakta ne ya hana ki? Da haka ne, da na ji sanyi a raina.

Naki har kullum,
Aku

Maman Yara,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

Yau aka gama. Darakta na cewa a tsaya, sai ɗakin ya ɗauki tafi, kowa ya nufo ni da hannu a miƙe, ana sannu da aiki. Ni kuwa sai na waiwaya bayana, in ga wa suke gaisarwa. Suka yi ta dariya, sun ɗauka barkwancina ne ya dawo.

An ba ni wayata. Tana nan gabana, na kasa kiranki, ina gudun ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Gobe ina hanya. Ban ce ki huce ba, fushinki na kan gaskiya. Abu ɗaya nake roƙo. Idan na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, ki amsa da ƙarfi, tun kafin in rufe baki. Bayan nan ki ci gaba da fushinki.

Ni ne mijinki,
Akun da ya yi shiru